Kofin Kaka Mai Jirgin Yaƙi

Duk wanda ya shigo gidanmu a unguwar Ain Khaled, nan ƙasar Larabawa, sai Abba ya nuna masa kofin nan cikin kabad ɗin gilashi ya ce kayan tarihi ne. Ni dai na ce kofin shan kunun kakata ne, kuma da shi take gane duniya.

A shekarar 2020, makon da aka rufe makarantu saboda korona, ina 'yar shekara goma sha biyu. Kaka ta zo daga Zariya da nufin ta yi wata guda, sai jirage suka tsaya, aka haɗa mu ɗaki ɗaya. Wata Juma'a da safe na dama mata kunun tsamiya, ta zaro kofin daga ƙunshin zanenta. Na tangaran ne, fari amma ya koma ruwan madara, mariƙinsa da 'yar ɓalla. A jikinsa akwai jirgin ruwa mai ƙyallaye, igwa na aman hayaƙi, da wani Bature mai hula kamar kifaffen kwale-kwale. Mahaifinta ya samo shi lokacin da yake kuku a Lokoja. Ta miƙo shi ta ce, "Uwar surutu, ƙirga min ƙyallayen jirgin nan, in ga ko bokon naku na da amfani." Na ƙirga. Washegari ta sake tambaya. Rana ta uku na lura ɓangaren da ba zane take nuna min. Kaka ba ta gani.

Haka muka ci zaman kullen. Ina darasi a kwamfuta, ina shanya a baranda, ina goge duk ledar da ta shigo gida, ita kuma tana zaune da kofinta a cinya. Da ɗan yatsa take laluben ɓallar ta gane ta inda za ta kai baki, da nauyinsa take sanin saura nawa. Ni ba na iya ɓoye magana, na faɗa wa Abba. Ya cire takunkumi, ya ce asibiti yanzu ba wurin tsofaffi ba ne, a bari cutar ta lafa. Na sake faɗa, Umma ta ce na cika azarɓaɓi. Ita kanta Kaka cewa take, "Kar ki tayar wa ɗan nan hankali." Da aka kai ta daga baya, likita ya ce jijiyar idon ta riga ta mutu.

Bayan shekara biyu, Kaka na nan tare da mu, sai ga gasar ƙwallon duniya a ƙasar, gari ya cika da baƙi da tutoci. Abba ya gayyato wani abokin aikinsa ɗan Ingila cin tuwo. Mutumin ya ga kofin a hannun Kaka, ya ajiye cokali. Wai ya haura shekara ɗari biyu, an yi irinsa ne don tunawa da nasarar wani yaƙin teku. A ranar Abba ya wanke shi, ya kulle, ya sayo mata na roba mai murfi daga kasuwar Souq Waqif. Kowace safiya ina kallon hannunta yana yawo a kan tabarma. Kunun ya riƙa zuba mata a ƙirji, har ta ce ita ta daina sha. Na yi magana, aka ce "khalas", wato zance ya ƙare. Ta koma Zariya ba ta tambayi kofin ba, don ba ta taɓa roƙon ɗan farinta komai ba.

Yanzu na gama sakandare. Kofin yana nan fes ƙarƙashin fitila, ba wanda ya isa ya taɓa, ita kuma an ce sai an ba ta a baki. Da can ƙanƙanta ta sa ba a ji ni ba, yanzu kuwa na san inda mabuɗin yake. Wata mai zuwa zan tafi gida neman jami'a. Zan naɗe shi a hijabina in kai mata, Abba ya yi faɗansa in na sauka.