Ranar da Bahago Ya Kasa Cafe Makulli

Duk wanda ya taɓa tuƙi a kamfanin nan na manyan motoci ya san Mai Makulli, kuma ba lallai ne ya tuna shi da alheri ba. Dogon mutum ne mai furfura a gefen kai, dariya kuwa sai ka ce saye yake yi. Ɗakinsa ɗan tsukuku ne a bakin ƙofar gareji: tebur, benci, taga mai kallon fili, da allon katako mai ƙusoshi talatin da biyu, kowace ƙusa da makullin motarta. Kullum da safe direbobi za su yi layi a gaban tagar. Wanda ya ga lafiyarsa ƙalau ya ba shi makulli. Wanda bai yarda da shi ba ya tura shi ɗakin nas, ranar kuma babu tafiya.

Shi ba likita ba ne, ko allura bai iya riƙewa ba. Amma shekara ashirin da shida ya yi a kan sitiyari, babu dabarar ɓoye ciwo da bai sani ba, don babu wadda bai yi ba. Ya san mai zazzaɓi yakan wanke fuska da ruwan sanyi kafin ya shiga layi. Ya san mai ciwon baya yakan jira ka kau da kai kafin ya kama ƙarfen hawa mota. Shi ya sa ba ya miƙa makulli a hannu, jefawa yake yi. Lafiyayye zai cafe ko yana cikin hira. Wanda ya sha maganin mura mai sa barci, ko jiri ke ɗibarsa, sai makullin ya bugi ƙirjinsa kafin hannu ya taso. Ido ba mudu ba, in ji Mai Makulli, amma ya san kima.

Yadda aka yi ya sauko daga mota ya koma taga, wannan shi ne miki. Ciwon suga ne ya kama shi, ya riƙa ɗauke masa gani na ɗan lokaci. Shekara biyu yana ɓoyewa, da alewa a aljihu da tawul na share gumi. Wata safiya abin ya taso masa a tsakiyar gareji, motar da yake tuƙawa, wadda ake kira Jar Mota, tana ta gangarawa a hankali har ta sumbaci katanga. Mutum ɗaya ne ya gani: ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ake kira Bahago. Mai Makulli ne ya kawo shi kamfanin, shi ya koya masa ribas da tirela. Bahagon ne ya je ya gaya wa manaja. Likita ya tabbatar, aka karɓe makulli, aka ce saboda daɗewarsa za a ba shi aikin taga. Bayan sati guda aka ɗanka wa Bahago Jar Mota.

Kada wani ya ce maka Mai Makulli ya yafe. Bai yafe ba. Suna gaisawa, suna haɗuwa wajen suna da wajen ta'aziyya, 'ya'yansu suna kwana gidan juna, amma ƙyashi yana nan yana cin sa kamar gara. Jar Mota ita ce ya karɓa sabuwa fil da leda a kujera. Ya san giya ta uku tana son lallashi, ya san ƙarar da take yi in lodi ya karkata. Yanzu kullum sai ya ɗauko makullinta da hannunsa ya jefa wa wani, ya zauna ya ga ta fita, ya ji hon ɗin da shi ya zaɓa mata. Bahago har ya cire matashin da yake jingina da shi ya sa nasa. Wannan matashi ya fi komai ƙona masa rai.

Matarsa takan ce, "Malam, mota ce fa, ƙarfe ce. Ni ko rabin wannan kishin ba ka taɓa yi a kaina ba."

Sai ya ce, "Ke ai ba wanda ya kai ƙarata don ya same ki."

Shekara bakwai yana jiran ranar da Bahago zai zo da ɗan tari ko jan ido, ya tura shi wajen nas ko da na yini ɗaya ne, ya ɗanɗana zaman benci. Amma Bahago kamar jaki, ko atishawa ba ya yi. Zai iso yana zolayar mutane, Mai Makulli ya jefa masa makulli da ɗan ƙarfi fiye da na kowa, wani lokacin ma a karkace da gangan, shi kuwa ya miƙa hagu ya cafe bai ko duba ba, ya ce, "Na gode, Yaya." Direbobi sun lura. A bayan idonsa suna cewa hassada ga mai rabo taki ce.

Ranar da abin ya faru, lodi ne mai nisa, kwana uku a hanya, kuma hanyar da gangare. Bahago ne na huɗu a layi. Mai Makulli ya zaro makullin Jar Mota ya jefa, wannan karon ma daidai ya jefa, ba mugunta. Hannun hagu ya taso, ya makara. Makullin ya goge yatsu ya faɗi a kan siminti.

Mutanen layi suka yi dariya. Bahago ma ya yi, ya sunkuya ya ɗauka da dama. A cikin dariyar ne Mai Makulli ya ga gefen bakinsa na hagu bai tashi tare da ɗaya gefen ba.

Abin da ya fara ji, in faɗa maka gaskiya, daɗi ne. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙirji har ciki, ya ce a ransa, yau dai ga ta. Daɗin bai daɗe ba kunya ta biyo shi, kunyar kuma ta zo da shakka. Anya bakin ya karkace, ko dai idon mai jira ne yake ganin abin da yake so? Mutum bai taɓa sakin makulli ba sau ɗaya a rayuwa? In ya hana shi, gareji duka zai ce ramuwa ce, kuma shi kansa ba zai iya rantsuwa cewa ba ita ba ce. Har ya buɗe baki zai ce na gaba ya matso.

Sai ya tuna gangaren, da nauyin da ke bayan motar.

Ya ce, "Dawo da makullin nan."

Bahago ya tsaya. "Me ya faru, Yaya?"

"Dawo da shi. Zan sake jefawa."

Bahago ya ajiye a kan taga, fuska ta canza. Mai Makulli ya sake jefawa a hankali, yadda ko makaho zai cafe. Hannun ya taɓa shi, yatsun suka ƙi rufewa. Makullin ya sake faɗuwa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"A kan hannun na kwana, ya yi tsami," in ji Bahago. "In na kama sitiyari zai saki."

"Je ka wajen nas."

"Yaya, lodin nan nawa ne."

"Na ce je ka wajen nas."

Bahago ya matso har ya dafa tagar, bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Shekara bakwai kana jiran wannan. Kowa a nan ya sani. Ba lafiyata ce ta dame ka ba, motar ce."

Maganar ta shige shi, don rabinta gaskiya ce. Ya fito daga ɗakin, ya ɗauki makullin daga ƙasa, ya sa a aljihun rigarsa ya ɓalla maɓalli.

Ya ce, "Ka kira shi duk abin da ka ga dama. Yau ba za ka hau ba."

Manaja ya fito yana duba agogo, ya ce ko a bari ya kai lodin, in ya dawo a duba shi. Mai Makulli ya ce to sai dai manajan ya zura hannu a aljihunsa ya ciro da kansa, a gaban mutane. Manaja bai zura ba. Nas ta auna jinin Bahago, ta sake aunawa, ta ce ya ɗaga hannuwa biyu sama, na hagu ya riƙa zamowa ƙasa. Ba ta ce komai ba sai, "A kawo ƙaramar mota yanzu." A asibiti aka ce somin shanyewar ɓarin jiki ne, an yi sa'a an zo da wuri. Hannun zai dawo da magani da motsa jiki. Babbar mota kam sai dai kallo.

Wata biyu Bahago bai yi masa magana ba. Ko da ya je dubiya, bango Bahago ya juya wa fuska. Mai Makulli ya ɗauka in ƙanensa ya sauka daga motar zai huce. Bai huce ba. An ba wani sabon direba ita, mutum mai nauyin ƙafa, ƙyashin kuma ya tattara ya koma kansa, bai ragu da ƙwayar zarra ba.

Wata safiya, bayan layi ya watse, sai ga Bahago ya shigo da ƙwallon roba a hannun hagu yana matsawa, kamar yadda aka umarce shi. Bai yi sallama da kyau ba. Ya zauna a ƙarshen benci yana kallon fili ta taga. Can ya ce, "Yaya, zan tambaye ka, kada ka yi mini ƙarya. Da makullin ya faɗi, ka ji daɗi?"

Mai Makulli ya juya ya dubi allon ƙusoshi.

"Na ji," ya ce. "Kafin in tuna kai ne, na ji."

Bahago ya gyaɗa kai. Ya matsa ƙwallon sau biyu. "Ni ma ranar da na je wajen manaja a kanka, na san za ka iya kashe mutane a hanya, wannan gaskiya ne. Amma ina hawa matakalar ofishin ina tunanin motar."

Ba wanda ya nemi gafarar wani. A fili sabon direban ya tayar da Jar Mota, ya fito da ita a gaggauce, ya danna giya ta uku da ƙarfin tsiya. Motar ta yi wata ƙara mai ban tausayi. Su biyun suka runtse ido lokaci guda.

"Ji yadda yake mata," in ji Bahago. "Haka ka riƙa ji kullum?"

"Shekara bakwai," in ji Mai Makulli. Ya janye ƙafarsa ya ba shi wuri. "Matso nan, daga nan an fi ganin ta har ta sha kwana."