Folkert da Bokitan Matattu

Kullum kafin masu burodi su buɗe shago za ka ga Folkert Hoekema bisa tsohon kekensa, kai a sama yana leƙen hadari. In ya ga gari ya haɗe rai, abin da ba labari ba ne a nan Leeuwarden, sai ya ƙara wuta zuwa Cocin Masaƙa, inda ya tsufa yana gadi da shara.

Cocin nan ya ga duniya. 'Yan Katolika suka gina shi, kakanninmu suka karɓe, suka farfasa gumakan, suka shafe zanen bango da farar ƙasa. Hasumiyarsa ta karkace tun ana gini, don ƙasarmu laka ce. Daɓensa kuwa duwatsun kaburburan manyan da ne. Rufin ne ya gaji, yoyo yake kamar kwando. Folkert ya tara bokitai, kowanne ya raɗa masa sunan mamacin da yake zaune a kan kabarinsa.

"Tjitske!" zai ƙwala wa matarsa kira. "Magajin Gari ya cika, zo ki zubar da shi!"

"Bari in gama da Alƙali, shi ma ambaliya yake."

Bara aka aiko cewa wata jami'ar duba gine-gine za ta zo ranar Lahadi. In ta ga ruwa na zuba a kan jama'a za a rufe cocin, ga wani ya riga ya ƙyalla ido yana son mayar da shi gidan motsa jiki. Ranar kuwa sama ta ɓalle da ruwa. Folkert ya ɓoye bokitan, ya tsaya bakin ƙofa yana raba alewar minti, wadda mutanenmu ba sa jin wa'azi sai da ita a baki, yana raɗa wa tsofaffi inda za su zauna. Duk tsohuwa mai faffaɗar hula sai ya zaunar da ita ƙarƙashin yoyo.

"Au, ni ce zan maye gurbin bokitin Magajin Gari?" in ji Gwaggo Aukje, tsohuwar mai sayar da cuku.

"Haba Aukje, ai girma ne. Hularki kaɗai za ta iya da shi."

"Tun muna makaranta kake da baƙin wayo. Ƙaro minti."

Fasto ya ja wa'azi. Tsofaffi suka zauna ƙyam, ruwa na ɗiga a huluna, ba wanda ya motsa. Mu dama muna ɗaukar shan wahala a coci rabin ibada ne. Asiri a rufe yake har aka zo addu'ar ƙarshe, Fasto ya ce a sunkuyar da kai. Gwaggo Aukje ta sunkuya, ruwan da ya taru a bakin hularta ya kwarara cikin wuyan jami'ar da ke zaune gabanta.

Folkert ya ce a lokacin ya so daɓen ya buɗe ya shiga wajen Magajin Gari. Jami'ar ta juyo, ta ga jerin tsofaffi jiƙe sharkaf, haƙora na kaɗawa, ba mai ƙorafi. Ta goge wuya ta ce, "Baba, fito da bokitanka kafin ka kashe mana tsofaffi. Gidan da ake zama cikin ruwa dominsa, gyara ake masa, ba rufewa ba."

An gyara rufin. Wannan watan Folkert yake ajiye makullai zai bar aiki, yana ta gunaguni wai cocin ya yi shiru da yawa, matattu sun rasa mai kiran sunansu.

Folkert na Tjitske, laimar marasa laima! Kai ne ka hana a yi tsallen igiya a kan kakanninmu, kuma wallahi tafiyarka ta taɓa mu. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Mu kuma da muka rage, kowa ya duba abin da ke yoyo a kusa da shi ya tara masa bokiti. In babu bokiti, a sa kai.