Yadda Malam Tasi'u Ya Rufe Zauren Siyasa

Malam Tasi'u manomi ne a ƙauyenmu, gabas da Makoda. Shekararsa hamsin da huɗu, gonakinsa uku, biyu na gero da dawa, ɗaya ta gyaɗa. Bai yi boko ba, amma shi ya fara riƙe babbar waya a garin, shi ya kuma buɗe mana zauren siyasa a Watsaf. Shekara tara zauren ya yi, mu ɗari da arba'in da uku ne a ciki har da shi. Saƙonsa duk na murya ne, kuma na taɓa aunawa: a minti biyar, uku gaisuwa ce.

Gayya ce ta kashe zauren. A da in an kira gayyar noma sai ka ƙirga fartanya arba'in. Bana da aka kira a gonar maƙwabcinmu Obed, sha ɗaya suka zo, don wanda aka zaga a waya ba ya son sunkuyawa kusa da wanda ya zage shi. Dattawa suka zauna bayan Juma'a, suka ba Tasi'u mako uku ya rufe zauren.

Ya ce to. Sai Munir mai shagon caji ya yi masa bayani cewa dole shugaba ya cire mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa zai ga an rubuta wane ya cire wane.

"Ashe kora ce," in ji Tasi'u. "Ni ban taɓa korar mutum daga ƙofar gidana ba."

Shi ya sa ya hau babur, ni a bayansa da jerin sunaye, muka bi gida gida. Sai ya yi sallama, a gaisa, ya nemi gafara, sannan in nuna masa sunan ya danna a gaban mutum. Na Kano da Legas ya kira su a waya. Kwana goma sha shida muka yi, muka sha fura a gida talatin da takwas, taya ta yi faci sau biyu.

"Danna, Malam," in ji Obed yana dariya. "Amma ka sani, ɗan takararka ko kwalbati bai iya ba."

"Naka fa? Rijiyar da ya haƙa har yau kaji ne ke kwana a ciki. Ka yafe ni?"

"Na yafe."

Muka sallami ɗari da arba'in da ɗaya. Saura Baba Muhammad Auwal, mahaifin matarsa Aina'u. Shekara ashirin da shida da auren, Tasi'u bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba. Tun daga bakin darni ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, dama batun zauren nan ne."

"Na ji kana ta korar mutane. Ni aka zo kora?"

"Wane ni, Baba. Na ce ko za ka fita da kanka."

"Ni na saka kaina? Ina da sauran magana a kan takin gwamnati."

Sau uku muka je, amsar ɗaya. A gida kuma Aina'u ta gaya masa, in ya cire mata uba gari ya ji, ya nemi mai tuƙa masa tuwo. Ga wa'adin dattawa saura kwana ɗaya.

Da hantsi ya same ni a gona ya miƙo wayar. "Nuna min inda ake fita." Na nuna masa, ya yi bisimilla ya fitar da kansa. Da yake babu kowa sai Baba, shugabancin ya faɗa hannunsa. Dattawa suka duba suka ce mutum ɗaya ba ya faɗa da kansa, an rufe ke nan.

Ranar kasuwar Ɗambatta muka haɗu da tsohon a layin 'yan hatsi. Tasi'u ya durƙusa.

"Tashi, Allah ya yi maka albarka," in ji Baba. "Sai yanzu zauren ya gyaru. Kwana goma sha biyu ina magana, ko mutum ɗaya bai musa min ba."