Bandir Goma na Alawayyo

Wanda bai taɓa loda kwantena ba bai san yadda ake mulkin duniya ba. Ni na koyar da tarihi a Damagaram kafin in zo Faransa, na karanta labarin dauloli da faɗuwarsu, amma sai da na zama mai kula da mangazar ajiyar kaya ta wata ƙungiyar agaji a bayan garin Liyon na gane cewa makomar bil'adama tana rataye ne a kan takarda mai layi-layi.

Akwai wata safiyar Talata da har yau ba ta fita raina ba. Cikin watan Janairu ne, sati biyu bayan girgizar ƙasa ta rushe Hayiti. Ga sababbin shiga, tsarinmu shi ne: babban biro, wato ofishinmu na Paris, ke aiko da jerin kayan da aka yarda a tura, kowane da lambarsa. Abin da ba shi da lamba ba ya shiga kwantena, ko da numfashi ne.

Mutanen Faransa sun yi kyauta, ba na musu. Sai dai lokacin sanyi ne, kowa ya buɗe ɗakinsa ya ba da abin da ke gabansa. Rigunan sanyi masu gashi, safar hannu, da palet biyu, wato manyan ɗauri a kan katako, na takalman zamiya a kan ƙanƙara da wani kanti ya kasa sayarwa. Duka za su tsibirin da ko da asuba gumi ake yi. Duka kuwa suna da lamba.

Sai ga Alhaji Isufu, wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayar da yadi a unguwar Guillotière, ya zo da bandir goma na farin alawayyo a bayan mota. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Malam Sani, ka ga tele kuwa? Da motar kwasar shara ake ɗibar mutane. A zuba su rami tsirara kamar ba uwa ta haife su ba! Ga likkafani."

Na ce, "Alhaji, ka san yawancinsu ba Musulmi ba ne."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Kai da ka yi boko, gaya mini, Kirista ba ya da tsiraici?"

Na buga wa shugabar sashen kaya a Paris waya. Ta saurare ni da ladabi, ta ce abin ya taɓa mata zuciya ƙwarai, amma babu layin likkafani a jerin, kuma ƙungiya rai take kaiwa, ba mutuwa ba. Na tambaye ta takalman ƙanƙara fa, wane rai za su kai? Ta ce takalmi takalmi ne, kuma mai kantin zai zo ɗaukar hoto ranar rufe kwantena. Ta ƙara da cewa duk abin da duwan, wato 'yan kwastan, suka tarar ba a rubuce ba, ni zan amsa, da aikina.

Alhaji na tsaye cikin sanyi yana kallon bakina. Na ce masa, "An karɓa."

Ranar rufe kwantena, bayan an yi hoto, mai kanti ya tafi da murmushinsa, na sa aka sauke palet ɗaya na takalman, muka cusa alawayyon a gurbinsa. A takarda na rubuta zanen gado, na sa hannu. Na sa kuwa ina sane da cewa takardun zamana a ƙasar da aikin nan suke tafiya. Alhaji ya dafa ƙofar kwantenar ya yi addu'a mai tsawo, har direban kamyon da zai ja ta ya fara danna oda.

Abin da na koya shi ne, a sana'armu ana tambayar mai bayarwa abin da yake so ya rabu da shi, ba a tambayar wanda gini ya danne abin da yake bukata. Na kuma koyi cewa wani lokaci mutunci sai an yi masa ƙaryar takarda kafin ya samu wurin zama. Shekaru ina ba da labarin nan da ɗan alfahari, ba zan ɓoye muku ba.

Kwantenar ta isa Hayiti, amma ba ta fita daga tashar jirgin ruwa ta can ba sai bayan wata biyar. An gama binne mutane tun watan farko.