Tafin Hannuna a Kan Ƙasar Zubi

Gidanmu na unguwar Sintali ba ya rabuwa da wuta. Babana maƙerin tukwanen sanholo ne, shi da ƙanensa Bappa Buba, kuma rumfar aikinsu tana bayan ɗakin kakata Dada. Da rana wutar tasu ce, su narka tsofaffin gwangwanaye da ɓaraguzan injin mota su mayar da su tukwane. Idan an yi magariba sai garwashin da ya rage ya koma hannun Dada. Takan kwashe shi a kasko ta jera masara a kai, mu kewaye ta, ni da ƙannena biyu da Rifkatu 'yar maƙwabtanmu. Har yau idan na ji ƙamshin gasasshiyar masara haɗe da warin ƙonanniyar ƙasa, sai in ji kamar za a kira sunana.

Dada ba tatsuniya kaɗai ta iya ba, tana da hannu a cikin kowace tukunya da ta fita daga gidan. Yashin zubin da ake ɗebowa daga kogin Mayo Gwoi ba ya riƙe kansa, ko an dunƙule shi sai ya zube. Ita ce take daka busasshen yumɓu a turmi, ta tankaɗe shi ya yi laushi kamar garin tuwo. Bappa Buba ya gauraya shi da yashin, ya yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, sannan ya damƙi cikin hannu ya matse. Idan ya buɗe hannun ya ga shatin yatsunsa ya zauna, tafinsa kuma bai jiƙe ba, to ƙasa ta haɗu. Sai ya kifa tsohuwar tukunya cikin akwatin katako, ya barbaɗa mata tankaɗaɗɗiyar toka don kada ƙasar ta manne mata, ya cika, ya danna, ya zare tukunyar a hankali. Abin da ya rage shi ne gurbinta a cikin ƙasa, da 'yar ƙofa a sama inda Baba zai zuba narkakken sanholo. Bappa ke haɗa ƙasa, Baba ke zubi. Haka na taso na same su.

Ina da shekara takwas aka ba su aikin manyan tukwane biyu, irin na girkin biki. Bappa ya gama akwatunan da azahar ya bar su su sha iska har safiya. Da la'asar na shiga rumfar neman wani ɗan murfi da nake wasa da shi, sai na ga ƙasar da ke bakin ƙofar zubin ta yi 'yan tsage-tsage. Abin ya ba ni tausayi, kamar leɓen yaro da ya bushe. Na sha ganin Dada tana shafe tsagar daɓen ɗakinta da jiƙaƙƙen hannu. Na ɗauko buta na tsiyaya, na shafa da tafina har ya yi sumul. Ruwan ya riƙa ɓacewa cikin 'yar ƙofar, ni kuwa na ƙara, ina ganin ƙasar ƙishi take ji. Na yi wa akwati na biyu ma, na fita ina jin daɗin na taimaka.

Da safe ina saka kayan makaranta na ji ƙara kamar tayar babbar mota ta fashe. Sai muryar Bappa yana salati. Narkakken ƙarfen ya tarar da ruwa kwance a cikin gurbin, ya yi tsalle ya dawo wa Baba. Ya ƙone a hannu da kumatu, idonsa na hagu kuma bai sake gani ba.

Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, a tsakar gida ya tsaya, rabin fuskarsa a naɗe.

"Buba, shekara nawa kana haɗa ƙasa?"

"Yaya, wallahi na gwada ta da hannuna. Daidai take."

"To daga sama ruwan ya sauko? A tsakiyar rani? Ka dama min kunu ka ce ƙasa ce, don kana sauri ka tafi kallon ƙwallo."

"Yaya, kada ka faɗi haka."

"Na faɗa. Ido ɗaya ya rage min, ba zan ba ka shi ba. Ka nemi rumfarka."

Ina bayan randa ina jin su. A lokacin na riga na gane, domin tun a ranar na ji maƙera 'yan dubiya suna ta maimaita cewa ruwa ne ya kwanta a cikin gurbin.

Kusan mako biyu Dada ba ta kwashi garwashi ba, don ba a hura wutar ba. Ranar da Bappa ya fara ɗaure kayansa sai ta haɗa 'yan itatuwa da kanta bayan magariba, ta kira mu. Babu masara a daren. Ta ce, "Ku matso, ga wata nan tafe da ƙafa ɗaya." Muka ce, "Ta ƙaraso, mun ba ta wuri."

Ta ce wai Yashi yana da 'ya'ya dubu, amma babu mai riƙe hannun wani, kowa ta kansa yake yi. Sai ya roƙi Yumɓu ya zo ya zauna da su. Yumɓu ya ce zai zo, amma yana da aboki, Ruwa, wanda in ba ya kusa ba ya iya riƙe kowa. Yashi ya yarda, da sharaɗi ɗaya: Ruwa ya shigo shi kaɗai, kada ya kawo danginsa, domin kowace safiya Wuta tana kawo ziyara gidan, kuma tsakaninta da dangin Ruwa akwai tsohuwar gaba. Aka ba Yumɓu tsaron ƙofa. Gida ya zauna lafiya shekara da shekaru.

"Wata rana," in ji Dada, "Yumɓu ya gama aikinsa ya je ya kwanta. Sai wata 'yar tsuntsuwa da ke sheƙa a kan katangar ta ji dangin Ruwa suna kuka a waje, wai rana ta dame su. Ba muguwa ba ce, kun ji ko? Tausayi ne ya yi mata yawa. Ta sa baki ta zare sakata."

Da safe Wuta ta shigo ta tarar da su cike da ɗaki. Aka yi faɗan da gidan ya tsage biyu, Yashi ya ji ciwo. Da ya farfaɗo ya ce wa aka ba ƙofa? Aka ce Yumɓu. Ya ce to ya tattara ya bar masa gida. Yumɓu ya rantse, ya sake rantsewa, ba wanda ya saurare shi. Ya fara ɗaure kayansa, 'yar tsuntsuwa tana kan katanga tana kallo.

Dada ta koma gyara itace.

Rifkatu ta ce, "Sai me, Dada? Ta faɗa?"

"Ban sani ba."

"Kai, Dada! Ke da tatsuniyarki?"

"Nan ta tsaya min, 'yar nan. Sauran yana bakin tsuntsuwar. Ku tashi, uwarki na kira."

Da suka watse ta riƙe wuyan hannuna. Ta buɗe tafina ta ɗora a kan nata, ta daɗe tana dubawa a hasken wutar.

"Ma'u, na ga irin wannan a kan akwati na biyu. Na shafe shi kafin kowa ya gani."

Na fara kuka. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma yi min faɗa ba.

"Ni ba zan kai ƙararki ba. Amma jibi Bappanki zai tafi. Kina da gobe, ƙawata."

Washegari sau uku ina zuwa ƙofar ɗakin Baba. Na farko yana barci. Na biyu akwai baƙi. Na uku shi kaɗai ne, yana ƙoƙarin zura zare a allura don ya ɗinke aljihun rigarsa, yana ta kuskurewa. Ya ɗago ya gan ni, ya yi murmushin da rabin fuskarsa kawai ya motsa.

"Yauwa, Ma'una. Zo ki zura min. Daga yau ke ce idona na hagu."

Na zura masa zaren. Na fito ban faɗa masa ba. Da safe Bappa Buba ya ɗora kayansa a amalanke ya koma unguwar Majidaɗi. Da zai fita har ya shafa kaina ya ce in yi karatu da kyau.

Ba a yi wata babbar rigima bayan nan ba, abin ya dai bushe ne a hankali. Suna gaisawa a wurin jana'iza da ranar Sallah, gaisuwar mutanen da suka taɓa zama unguwa ɗaya. Bappa bai iya zubi shi kaɗai ba, sai ya bar sana'ar ya koma sayar da bokitan roba a Kasuwar Jalingo. Baba ya ɗauki masu haɗa masa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ya amince da hannunsa. Dada ta sha ce masa Buba bai yi ba. Shi kuwa yakan ce, "Dada, autanki ne, dole ki ce haka." Ta ci gaba da yi mana tatsuniya har ƙarfinta ya ƙare, amma ba ta sake yin ta Yashi da Yumɓu ba, ko da Rifkatu ta roƙa. Ina aji biyu a sakandare Dada ta rasu. Ranar ne kawai na ga Baba da Bappa sun ɗauki abu ɗaya tare, makararta.

A jami'a kimiyyar sinadarai na karanta. Wata rana malaminmu yana bayani kan abubuwan da ke ɗaure yashin zubi, yumɓu da sitaci da ƙaro da waɗanda ake haɗawa a masana'anta. Ya ce kowannensu yana da iyakar ruwan da yake ɗauka, kuma ruwan da ya kwanta a gurbi yakan zama tururi a ƙiftawar ido idan narkakken ƙarfe ya taɓa shi. Abokan karatuna suna ta rubutu. Ni na tashi na fita, na zauna a gindin wata bishiya har aka tashi.

Na daɗe ina ɗaukar cewa tatsuniyar a kaina kaɗai take, a kan tsoron da ya rufe min baki. Da na girma sai ta fara damuna ta wani gefen. Dada ta sani. Kalma ɗaya daga bakinta da ta tsayar da amalanken nan. Ta zaɓi ta jira yarinya 'yar shekara takwas, ta yi ta jira har ta mutu 'ya'yanta biyu ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Wani lokaci ina ganin ta kare ni ne daga fushin mutumin da ke cikin zafin ciwo. Wani lokaci kuma ina jin haushinta, in ce ta ɗora min kayan da ya fi wuyana. Ina ƙaunarta a duka biyun, kuma har yau ban san wanne ne gaskiya ba. Abin da na sani shi ne ita ma shirun ya ci ta, kuma kowace shekara da na ƙara a kan nawa, maganar ƙara nauyi take yi.

Bana, bayan na gama hidimar ƙasa, na je wurin Bappa a kasuwa. Ya yi furfura. Ya share min benci, ya aika a sayo min kunun aya. Na faɗa masa komai ina kallon bokitan da ke gabana, buta da tsagar ƙasa da tafin hannu. Wata mata ta zo tana taya bokiti, ya ce mata ta dawo anjima.

"Shekara goma sha bakwai, Ma'u," ya ce.

"Bappa, ka yafe min."

"Ke yarinya ce lokacin, wannan ba abin riƙewa ba ne. Amma ba ni za ki gaya wa ba. Ni ai na san ban yi ba. Babanki ne bai sani ba."

Na gaya wa Baba a ranar, bayan sallar la'asar, yana zaune a bakin rumfa. Na zauna ta gefen idonsa mai gani don kada in ɓoye masa fuskata. Bai katse ni ba. Da na gama ya tashi ya shiga ɗaki, kuma kwana uku bai yi min magana ba, ko gaisuwata da kai yake amsawa. Ban san ko ni yake jin haushi ba, ko Dada, ko kalmomin da ya faɗa a tsakar gida waɗanda yanzu ba shi da wanda zai jingina su gare shi.

A rana ta huɗu ina shara ya fito da hularsa a hannu. Ya tsaya a bayana har na juyo.

"Asma'u," ya ce, da cikakken sunana, wanda rabon da in ji shi a bakinsa na manta. "A wane layi Buba yake zaune yanzu?"

Sai a lokacin na gane bai taɓa taka gidan ƙanensa ba. Na jingine tsintsiyar na ce bari in ɗauko mayafina.