Mai Ganyen Masara a Kasuwar Bakori

Tun hantsi Silifat, mai sayar da maganin feshi a kasuwar Bakori, take lura da wani dattijo yana zaga rumfuna. Rigarsa ta koɗe daidai inda igiyar tankin feshi ke zama a kafaɗa. Yana riƙe da ganyen masara mai zane-zanen rawaya, kamar mai kai jinjiri asibiti. Ga shi yanzu a gabanta.

"Ɗiyata, na zaci yunwa ce, na yi ta ƙara mata taki. Ba ni magani mai ƙarfi."

"Baba, feshi ba ya kashe wannan cutar. Ba ta da kayan aikin kanta. Cikin ganyen take shiga, ta sa sinadaran da ke raya masarar su riƙa hayayyafa ta. Sai dai a tuge wadda ta kamu."

Ya daɗe yana shafa ganyen da babban yatsa. Silifat ta raya a ranta, wataƙila shi kaɗai ya rage a gonar, yaran duk sun tafi birni.

"Ashe ita nake ta yi wa noma," in ji shi.

Ya naɗe ganyen a hankali, ya sa a aljihu. Ya kasa yar da shi.