Kujerar Datsun ɗin Lindsay

Duk wanda ya taɓa kai famfon ban-ruwa gyara a Benalla ya san Lindsay Harkin. Dogo ne mai ƙafa kamar faranti, shekara talatin da huɗu ke nan yana aiki a wata rumfar kwano da ke bayan gidan mai. Manoma sukan kawo masa inji a bayan akori-kura, ya sa a tayar, ya karkata kai ya saurara, ya faɗi ciwon tun kafin ya taɓa sifana. Ba shi da yawan magana, shi ya sa mutanen gari suke masa kallon mai haƙuri. Matarsa Glenys ce kaɗai ta san shirun nan ma'aji ne. Abin da aka yi masa a watan Maris yana nan a ajiye, sai Disamba a ga ya ɓullo ta wata ƙofa daban.

Tun yana ɗan makaranta yakan taka keke zuwa filin tseren motoci da ke wajen gari, ya manne da wayar shinge yana kallon masu hular kwano. A ransa ya riga ya yanke cewa shi ma direban tsere ne, mota ce kawai babu. Da wannan tunanin ya yi aure, 'ya'yansa mata biyu suka girma suka koma Melbourne, furfura ta fito masa. Ba a taɓa gwada shi ba, don haka ba a taɓa ƙaryata shi ba.

Yana da shekara hamsin da biyar ya sami motar. Tsohuwar Datsun ce mai kujera biyu da dogon hanci, tana yashe a rumfar wani manomi, kaji sun mayar da ita wurin saka ƙwai. Injinta ya daskare, ko da dogon ƙarfe aka murɗa ba ya motsi. Lindsay ya cire shi, ya samo na wata tasi da ta gama yawonta a titunan Melbourne, ƙato mai silinda shida, ƙarfinsa ya ninka na asalin.

Tsawo da nauyi su ne matsalar. Waɗanda suka yi irin wannan dashen kafin shi sukan ajiye injin duk inda ya sami wuri, motar ta zama mai nauyin kai, ka murza sitiyari a kwana ita kuwa ta miƙe abinta. Lindsay ya ce shi ba zai yi aikin 'yan koyo ba. Ya yanke bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da ƙafar direba, ya tura injin baya da taƙi guda, ya sake ƙera bangon da hannunsa. Nauyi ya daidaita gaba da baya. Sai dai wurin ƙafa ya matse, kuloci da birki da totur suka haɗe kamar yatsun hannu.

Asabar ɗin shekara uku aikin ya ci. Glenys, wadda ke tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, ita ce mai riƙe sarƙa in ana sauke inji, ita ce mai taka birki in ana fitar masa da iska.

"Taka. Riƙe. Saki. Na ce ki saki, Glen!"

"Tun ɗazu na saki, tsoho. Baƙin mai ne ya toshe maka kunne."

Wata Lahadi da 'yan ƙungiyar tsere suka yi hayar filin, ya ɗora motar a tirela suka tafi. A irin wannan rana ba a gogayya da juna, kowa da agogo yake yi. Ka zagaya, na'ura ta ɗauki lokacinka, a liƙa a allon da ke jikin rumfar shayi. Reno Zammit, mai sayar da taya kuma shugaban ƙungiyar, gajere ne wanda bakinsa ba ya hutawa. Ya zagaya Datsun ɗin yana shinshinawa.

"Mutumina, ka tabbata ka kwashe ƙwan duka? Kar mu ji cara a kwana ta uku."

Da Lindsay ya tayar da injin, sai dariyar ta tsaya. Mutane suka ajiye kofuna suka matso. Wannan minti ɗayan shi ne mafi daɗi a rayuwarsa, kuma da ya sani da ya tsaya a nan.

A kan titin tseren abin ya ƙi. Duk kwanar da ya taka birki, gefen takalminsa sai ya danne totur, motar ta yi tsalle kamar an tsikare ta. Ya yi zagaye takwas, mafi kyau minti ɗaya da sakan arba'in da tara.

"Inji dai ya iso tun ɗazu," in ji Reno, "direban muke jira."

Lindsay ya yi dariya tare da su. Sannan ya juya ya ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "Glen, shiga ki ɗana."

Ba kyauta ya yi mata ba. So yake ta yi zagaye ɗaya ta fito ta shaida wa mutane cewa wannan dabbar sai namiji. Har ya tanadi irin dariyar da zai yi yana dafa mata kafaɗa.

Glenys ta ari hular kwano, ta jawo tsohuwar kujerar gaba, ta fita a hankali. Shekara ashirin da shida tana bin hanyoyin tsakuwa da yara arba'in a bayanta, dabbar dajin nan kangaru na faɗo mata titi ba sallama, ta koyi tsayar da ƙatuwar mota ba tare da ko jakar yaro ta faɗi ba. Ƙafarta kuma 'yar ƙarama ce, wurin da ya matse mijinta ita ɗaki ne a gare ta. A zagaye na uku ta yi minti ɗaya da sakan arba'in da huɗu.

Ta fito tana gyara gashi. "Akwai daɗi. Amma birkin baya yana kamawa da wuri, Linz, ka duba shi."

Da suka iso ƙofar gida sai Lindsay ya juyo gare ta.

"Tayoyin sun riga sun ɗauki zafi lokacin da kika shiga. Shi ya sa."

"Haka ne," in ji ta.

Da ta yi masa gardama da ya fi masa sauƙi.

Lahadi huɗu suka biyo baya. Ya sayi siririn takalmin tuƙi, ya bi titin tseren da ƙafa yana nazarin kowace kwana, ya sauko da sakan ɗaya. Ita kuwa, wadda ke saƙa rigar jikanta a inuwar tirela har a kira ta, ta sauko da biyu. Sunansa da nata a allo ɗaya, Harkin a sama, Harkin a ƙasa. Wata rana wani manomi ya kawo masa famfo, yana saukewa ya ce, "Ya motar Glenys? An ce tashi take yi."

Motar Glenys. Shi da ya ƙona gira sau biyu wajen walda. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba ta ma so abin ba. Shekara arba'in yana mafarkinsa, ita ta tsince shi a ƙasa kamar sulalla, kuma ba ta taɓa yin alfahari ba ballantana ya sami abin riƙewa.

Da Yuli ya shigo, watan hunturun ƙasar, aka dakatar da fita, sai ya sayo kujerar tsere, mai zurfi kamar kwarya, mai ɗamara shida. Akwai ƙarfen zamiya da ake ɗora irinta a kai don ta riƙa matsawa gaba da baya, mai shagon ma ya nuna masa. Ya ce ba ya so. Ya zauna a motar, ya miƙe dogayen ƙafafunsa, ya yi alama da alli, ya yi wa ƙafafun kujerar walda da ƙasan motar, ya bi ya shafe da fenti.

Glenys ta kawo masa shayi ta tarar da aiki ya ƙare. Ta shiga ta zauna. Ta miƙa ƙafa, yatsunta suka tsaya a iska, tsakaninsu da kuloci ya kai tafin hannu biyu.

"Ba ta matsowa?"

"Doka ce. Masu duba motoci ba sa son mai zamiya. In aka yi karo tsinkewa take yi."

"To."

"Don lafiyarmu ne, Glen."

"Na ce to. Sha shayinka kar ya huce."

Lahadin farko ta watan Satumba ya sami motarsa shi kaɗai. Ya fita sau uku, ya dawo da arba'in da takwas sau uku. Ba wanda ya yi masa ba'a, wannan kuwa ya fi ba'ar zafi. Da ya cire hula sai ya hangi Reno tsaye a kan Glenys a inuwar tirela.

"Haba, uwar ɗakinmu, saƙa a filin tsere? Wa ya mutu?"

"Kujera ta yi mini nisa, Reno."

"Ni da ke ai tsawonmu ɗaya, duk a ƙasa aka ƙera mu. Ga tawa motar can, tanki cike da mai. Lindsay, ka ba ni aron direbanka, ba zan cinye ta ba!"

Mutane suka yi dariya. Lindsay ya ɗaga kafaɗa, wai shi ina ruwansa. Amma yana kallo lokacin da Reno ya sunkuya cikin farar motarsa yana ɗaure mata ɗamara, yana gaya mata wani abu a kunne, tana dariya. Shekara talatin da biyar da aure bai taɓa zargin Glenys da kowa ba, yau ma ba wannan ba ne. Abin da ya dame shi shi ne ƙarar da ta wuce gabansa, siririya kamar ta injin ɗinki, ba ta injinsa ba, kuma kowa ya bar shayi ya manne da wayar shinge yana bin motar da ido. Datsun ɗin na gefe, babu mai kallonta. Sai a lokacin ya gane cewa duk yabon da injinsa ya sha, a ƙarƙashin ƙafar Glenys ya sha shi.

Ta yi arba'in da biyar. Reno ya rungume ta yana ihu, don shi kansa bai taɓa yin haka a motarsa ba.

"Daga yau ke ce direbata! Wata mai zuwa akwai gasar jiha, zan sa sunanki a ƙofa."

"Ba ta da ƙarfi a miƙaƙƙen titi," in ji Glenys, tana miƙa masa hular. "Zan yi shawara."

Ba ta kalli mijinta ba, kuma ba ta tayar da zancen a mota ba.

Ranar Litinin da safe Lindsay ya bar famfunan mutane a ƙasa, ya ɗauki injin yankan ƙarfe. Ya yanke waldar da ya yi. Ƙarfen zamiyar yana nan a shago, tafiyar minti biyar. Ya tsaya yana kallon ramin da kujerar ta bari, ya daɗe. Idan ya sa mai zamiya, su biyun za su shiga, sunansa zai koma ƙarƙashin nata a allo har ranar da zai daina tuƙi. Ya je cikin gida ya ɗauko wani wandonta, ya auna tsawon ƙafar, ya matsar da kujerar gaba, ya sake walda, layi biyu wannan karon. Da ya gwada shiga, gwiwarsa ta daki sitiyari, ƙafa ɗaya ta rage a waje. Ya ji wani sanyin daɗi ya ratsa ransa, irin wanda ya daɗe bai ji ba.

A gasar jihar Glenys ta zo ta biyu a rukuninta da Datsun. Da yamma aka gasa nama da albasa a bayan rumfar shayi, Reno ya hau kan taya ya ɗaga burodinsa sama.

"Jama'a, ku kalli miji! Shekara uku yana gina mota, ya ɗauka ya ba matarsa, har ya liƙe kujerar don kar ransa ya biya. Ni tawa matar ko makullin akori-kura ban ba ta ba!"

Aka yi tafi. Matan wurin suka riƙa zungurin mazajensu. Wani dattijo ya ce wa Lindsay asara ce a rasa direba irinsa, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce ai girma ya zo, gwiwa ta fara ciwo. Ya ji daɗin faɗar haka. Yanzu babu agogon da zai ƙara auna shi, nan da 'yan shekaru ma za a manta da arba'in da takwas, a riƙa cewa Lindsay ya iya tuƙi, ya bar wa matarsa ne.

Suna ɗaure motar a tirela Glenys ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da ka sa mai zamiya, da mu biyun mun shiga."

"Doka ta hana, na gaya miki."

"Na karanta littafin dokar tun watan Yuli, Linz. Shafi na sha tara, bai hana ba."

Ya ja igiyar har ta yi ƙara.

"Birkin bayan nan har yanzu yana kamawa da wuri," in ji ta. "Da ba don shi ba da na zo ta ɗaya."

"Zan duba," ya ce. A ransa kuwa bai yanke ko zai gyara shi ba tukuna.